Gangaren da Ban Taɓa Sauka Ba

A shagon faifan kiɗa na Kuramochi ba a ajiye sabon faifai haka nan tsirara. Kowanne sai an jingina masa kati a gaba, ɗan farin kwali kamar faɗin tafin hannu, wanda ma'aikacin shago zai rubuta abin da ya ji game da waƙoƙin da hannunsa, ya sa sunansa a ƙasa. Masu son kiɗa a garinmu Yonezawa sun saba, kafin su taɓa faifai sai sun sunkuya sun karanta katin. Wasu ma karatun kawai ke kawo su, su yi dariya ko su ja tsaki, su koma waje cikin dusar ƙanƙara.

Ni aikina a baya yake. Buɗe kwalaye, manna farashi, shara, goge abin kunnen da masu saye ke sauraro da shi. Na daina zuwa makaranta ina aji biyar na firamare. Ba wanda ya hana ni. Wata safiya ce na tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya, ƙafata ta ƙi fita, washegari ma ta ƙi, har aka daina tambayata. Shi ya sa rubutuna har yau irin na yara ne, manyan baƙaƙe masu sauƙi da suke karkacewa gefe ɗaya. Idan mai saye ya yi mini tambaya, kunnuwana sai su ɗauki zafi, in nuna masa abokiyar aikina Ebihara-san da hannu.

Ebihara-san ce mai katunan kiɗan metal da rok, masu tsawar jita da ganguna. Da ta tafi hutun haihuwa a farkon Fabrairu, kusurwarta ta yi mako biyu da tsofaffin katuna. Ran wata Alhamis ina shara, mai shagon, wanda muke kira Tencho, ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Nagumo-san," ya kira ni, "ajiye tsintsiyar nan."

Ya miƙo mini faifan ɗanɗano, irin wanda ake aiko wa shaguna kafin ranar fita.

"Na ƙungiyar Sabigarasu ne. Sabon faifansu, Kogin Toka. Talata kaya za su iso. Ke za ki rubuta."

"Ni? Tencho, ai rubutuna..."

"Na ga rubutunki a jikin kwalaye, ana karantawa. Kullum in kina shara su kike sawa, kina gyaɗa kai kamar kaza ta samu tsaba, kin ɗauka ba na gani." Ya ɗaga yatsa biyu. "Doka biyu ce. Ki ji shi sau uku, daga farko har ƙarshe. Sannan ki rubuta abin da kunnenki ya ji, ba na wani ba. In kin iya, kusurwar nan taki ce. In ba ki iya ba, ga kwalayenki nan, ba inda za su je."

Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma shekara uku ina kallon kusurwar nan. Sabigarasu kuwa, a shekarun da na yi ban fita daga ɗaki ba, faifansu na farko ne ke yi mini ihun da na kasa yi. An ɗauke shi a wani ɗakin ajiya, gangunan kamar ana dukan tukwane, mawaƙin yana kururuwa har muryarsa ta tsage a waƙa ta huɗu, suka bar ta haka.

Na ji Kogin Toka sau uku. Na ƙara uku, ko kunnena ne ke da laifi. Bai shige ni ba. Komai ya zauna daidai wurinsa, ba ƙura ko ɗaya. Gangunan ba sa kuskure, kamar na'ura ke bugawa. Mawaƙin ya koyi inda zai ja numfashi, ihunsa ya daina fitowa daga ciki, a maƙogwaro yake tsayawa. Waƙa ta shida ce kawai ta taɓa ni, wata mai tafiya a hankali, inda ake jin yatsun mai babbar jita suna zamewa a kan tsirkiya, ƙiii, ƙiii, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. A nan ne kawai na ji akwai mutum a ciki.

Na zauna a teburin kicin ran Litinin da safe, mahaifiyata tana haɗa mana abincin tafiya aiki. Na rubuta: "Faifan nan ya yi wanka da yawa." Na kalli jimlar. Na tuna katunan Ebihara-san, yadda take ambaton sunayen salon kiɗa da shekaru da ƙasashe. Nawa kuma wanka. Maganar ɗan shekara shida. Na yayyaga katin ƙanana-ƙanana, na cusa a ƙasan kwandon shara don kada mahaifiyata ta gani.

Talata kaya suka iso, na jera faifai talatin, gabansu wayam. Da Tencho zai fita cin taliya da rana sai ya ce, "In na dawo in tarar da shi."

Yana fita Tokunaga-san ta shigo, tana karkaɗe ƙanƙara daga hularta ta aiki. Direbar bas ce, ta haura hamsin, ita ke hawa hanyar dutse zuwa wuraren wankan ruwan zafi ta sauko sau uku a rana. Duk Talata sai ta zo a lokacin hutunta, kuma ba ta iya magana a hankali ba.

"Chi-chan!" ta kira ni da sunan da ta sa mini. "Ina tsohon? Ya gudu kafin in zo in gaya masa faifan da ya yabe makon jiya shirme ne? Rok ɗin samarin yanzu, jita ɗaya, kuka goma. Ba ni hankakina in ji."

Haka take kiran Sabigarasu, don akwai hankaka a ma'anar sunansu. Na sa mata faifan, ta ɗora abin kunne a kan hula, ta rufe ido. Ta yi kusan minti goma tana buga ƙafa, takalminta na zubar da ruwa a inda na gama gogewa. Da ta cire, idanunta sun yi ja.

"Kai! Chi-chan, waƙa ta biyun nan. Kin san me ta tuna mini? Saukowa daga dutse da sassafe, bas cike da mutane, titi ya daskare. Ƙafarki na kan birki amma ba ki isa ki taka ba, in kin taka kun tafi gaba ɗaya. Sai dai ki bar giya ta riƙe ku. Yaran nan a da gudu kawai suka iya. Yanzu sun koyi riƙewa. Wanda bai taɓa jin tsoron gudu ba, ba zai gane faifan nan ba."

Ta saya, ta tura shi cikin aljihun rigar sanyi, ta duba agogo, ta fita da sauri.

Na tsaya ni kaɗai a shagon. Maganarta tana nan a kunnena, kalma bayan kalma, a shirye, kamar tuwon da wani ya tuƙa ya kwashe ya bari. Na ce wa kaina aro kawai zan yi. Na ce ai ra'ayi ba shi da mai shi. Na ɗauki baƙin alƙalami, na rubuta duka, har da bas ɗin, har da birkin. A ƙasa na sa: Nagumo Chinatsu.

Tencho ya dawo yana sakace. Ya ɗauki katin ya nisanta shi da fuskarsa, ya karanta, ya sake karantawa. Ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa a kan wani kwali da na riga na buɗe.

"Uhm," ya ce. Ya jingina shi a gaban faifan.

Zuwa Juma'a rabin faifan sun tafi. Wani ma'aikacin gidan waya ya tsaya ya karanta har sau biyu, ya ce, "Wace ce Nagumo?" Tencho ya nuna ni da haɓa. Mutumin ya ce, "Kin faɗi abin da ke raina." Na sunkuya na gode masa. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, na ji daɗi. Ba a taɓa tambayar wace ce Nagumo ba.

Ran Asabar ƙungiyar da kanta ta zo. Haka ake yi idan faifai ya fita, mawaƙa su zaga shaguna su gaishe da ma'aikata, su sa hannu a hoton bango, su ɗauki hoto da katin da aka rubuta musu. Mai babbar jitarsu 'yar yankinmu ce, shi ya sa ko ɗan shagonmu ba sa tsallakewa. Su huɗu suka shigo da ƙarfe biyu na rana, da baƙaƙen riguna, suna ta sunkuyawa, da kwalin alewar wake a matsayin tsaraba. Mawaƙin, Shibukawa-san, wanda na yi shekara goma ina jin ihunsa, ashe ɗan siririn mutum ne mai gilashi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tashin jariri.

Na so in ɓuya a baya, Tencho ya kira ni.

Shibukawa-san ya durƙusa a gaban katin ya karanta. Ya daɗe. Da ya miƙe sai ya sunkuya mini sosai, har na ga tsakiyar kansa.

"Nagumo-san, shago goma sha ɗaya muka zaga, ba wanda ya gane abin da muka so yi sai ke. Riƙewa. Shekara biyu muna faɗa a kan wannan kalmar." Ya yi murmushi. "Ashe tuƙi kike yi? Har bas?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Ƙofa ce aka buɗe mini. Na ji kaina yana sauka yana ɗagowa da kansa.

"Tabɗi!" in ji mai ganguna. "Ni ko ƙaramar mota ba na kai ta hanyar nan da sanyi. Kin fi mu zama 'yar metal."

Suka yi dariya. Tencho yana bayan kanta yana gyara wasu takardu da ba su buƙatar gyara.

Mai babbar jitar, Oikawa-san, ita ba ta yi dariya da yawa ba. Tana sa hannu a hoton bango ta tambaye ni ba tare da ta juyo ba, "Wace waƙa kika fi so?"

"Ta shida," na ce. Ita ce gaskiya ɗaya da ta fita daga bakina ranar, kuma ta fita kafin in tare ta.

Ta juyo. Ta kalli katin, inda aka yi ta yabon waƙa ta biyu. Ta kalle ni. "Ta shida," ta ce a hankali. Ta koma kan hoton bangon.

Suka tsayar da ni a tsakiya, aka ba ni katin na riƙe a ƙirji, aka ɗauka. Kafin mu rufe shago sun sa hoton a shafinsu na intanet, da rubutu a ƙasa: ma'aikaciyar da ke tuƙa bas a kan ƙanƙara.

Lahadi na kasa cin abinci. Litinin na tsaya a bakin ƙofar gida da jaka a kafaɗa, na ji ƙafata tana son yin irin abin da ta yi mini ina shekara goma sha ɗaya. Na daɗe a tsaye. Sai da mahaifiyata ta ce, "Chinatsu, sanyi na shigowa," sannan na fita.

Talata da rana Tencho bai je cin taliya ba. Ya zauna a kan kujerarsa da ɗan kwanon shinkafa da ya taho da shi daga gida, abin da ban taɓa gani ba. Ƙarfe ɗaya da kwata ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

"Ina direba?" Muryar Tokunaga-san ta cika shagon. Wayarta na hannunta a sama. "Ina abokiyar aikina? Ashe muna da sabuwar ma'aikaciya ba a gaya mana ba! 'Yata ce ta turo mini, wai Mama kin san wannan? Na ce na san ta mana, ita ke goge mini abin kunne."

Ina riƙe da tsumma. Na kasa ajiye shi.

"Chi-chan, zo nan. Yaushe kika ci jarrabawar lasisi? Wace giya kike sawa a kwana ta uku, inda gadar nan take? Faɗa mini in ƙaru."

Akwai wasu 'yan mata biyu a wajen faifan rok, suka tsaya suna kallo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da gudu. Na zo gabanta, na sunkuya har gashina ya rufe mini fuska, ban ɗago ba.

"Tokunaga-san, ki yi haƙuri. Maganarki ce duka. Na rubuta na sa sunana. Kuma da suka tambaye ni ko ina tuƙi, na gyaɗa kai." Na juya wajen Tencho, har yanzu a sunkuye. "Tencho, na karya doka. Ka yi haƙuri."

Na ji ya ajiye tsinkayen cin abincinsa.

"Ke da ko keke sai kin sauka kin tura shi in an zo gangare," ya ce. "Tun ranar na sani. Muryar matar nan, ko a cikin rijiya aka rubuta ta zan gane. Na ce bari in ga kwana nawa za ki ɗauka. Bakwai kika ɗauka, kuma sai da aka zo aka tsaya miki a ka."

Wannan ya fi tsawa zafi. Da ma ya yi tsawar.

"To ɗago mana," in ji Tokunaga-san. "Kin sa ni kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ni abin da ya ba ni haushi ba satar ba ce. Shekara ashirin da shida ina saukowa dutsen nan, ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto, sai ke da kika sauko shi da alƙalami." Ta cusa wayar a aljihu. "Kin ji faifan ma kuwa?"

"Sau tara."

"Sau tara! To me kika ji, da har sai kin ari kunnen tsohuwa?"

Na kalli ƙasa. Ruwan takalminta ya yi ɗan tafki.

"Ya yi wanka da yawa," na ce.

"Me?"

"Faifan. Ya yi wanka da yawa. Sun goge komai. Ba a jin warinsu."

Sai na ji wani sauti daga bayan kanta, kamar butar shayi ta fara tafasa. Tencho ne, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

Tokunaga-san kuwa ta riƙe ƙugu. "Wanka? Ke yarinya, ki kiyaye ni! Kina so su kai shekara arba'in suna ihu a ɗakin ajiya kamar an taka wutsiyar kare? Mutum ba zai girma ba?"

"Ya girma," na ce. "Amma gangunan... a da in ya yi sauri sai ki ji tsoro ko zai faɗi. Yanzu kin san ba zai faɗi ba. To me zan ji wa tsoro?"

"Shi ne ƙwarewa!"

"Waƙa ta shida kawai suka manta ba su wanke ba. Ana jin yatsun Oikawa-san."

"Ta shida? Wannan mai jan ƙafa? A nan nake rage murya in sha shayi!"

Ban san lokacin da na ɗago kai ba. Mun kai minti goma muna yi, ita da ƙarfi, ni da guntun jimloli, har ɗaya daga cikin 'yan matan nan ta matso ta ɗauki abin kunne ta ce a sa mata ta shidan ta ji. Tokunaga-san ta duba agogo ta saki ashar irin tasu ta direbobi, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta juyo.

"Kunnenki a karkace yake, Chi-chan, amma naki ne. Kuma alewar waken da hankakina suka kawo, rabona ce. A ajiye mini."

Bayan ta tafi, Tencho ya goge gilashinsa. Dariyar ta bar fuskarsa. Na miƙa hannu zan cire katin.

"Bar shi."

Ya ba ni jan alƙalami.

"Ja layi ɗaya a kan sunanki. Ɗaya, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Ki rubuta nata a gefe, ki sa direbar bas. Zai zauna a nan muddin akwai faifan nan a shagon."

Na ja layin. Ya fito a karkace.

"Sannan za ki rubuta wa mutanen nan wasiƙa, da hannunki, ki gaya musu wanda ya gane su. Ni zan ba ki adireshi, amma ba zan duba miki ko baƙi ɗaya ba."

"To, Tencho." Na mayar masa da alƙalamin. "Gobe sai in koma baya wajen kwalaye."

"Kwalaye dama ba ki bar su ba." Ya buɗe aljihun tebur ya zaro sabon farin kati, ya ajiye a kan kanta. "Na ce ki rubuta abin da kunnenki ya ji. Har yanzu ba ki rubuta ba. Ina jira."

Na rubuta a tsaye, a gabansa. Faifan nan ya yi wanka da yawa. Na fi son su da dauɗarsu. Amma ku ji waƙa ta shida, akwai mutum a ciki. Na sa sunana. Ya jingina shi kusa da na farkon, kafaɗa da kafaɗa.

Wasiƙar ta ci mini kwana huɗu da takarda bakwai. Ba su amsa ba, sai dai bayan mako biyu an canza rubutun da ke ƙarƙashin hoton, an sa sunan Tokunaga-san. Hoton kansa yana nan, ni a tsakiya, da katin wata a ƙirjina, ina murmushi. Ba na buɗe shafin.

Ma'aikacin gidan wayar nan ya dawo. Ya karanta katunan biyu, ya tsaya a kan jan layin, ya ɗago ya dube ni. Tun daga ranar Tencho kawai yake gaisarwa. Faifai shida suka rage a kan kanta har dusar ƙanƙara ta narke, kullum da safe sai na ɗaga katunan biyu na goge ƙurar da ke ƙarƙashinsu, in mayar.

A makon farko na Afrilu Tencho ya ajiye mini wani faifan ɗanɗano a kan kwalin da nake buɗewa. Na wata ƙungiyar rok ce daga kudu, Tamanegi Kyuko. Yatsa biyu kawai ya ɗaga mini ya wuce. Na ji shi sau uku. Jitarsu tana tsalle kamar mai a kasko, mawaƙiyar kuma tana cinye ƙarshen kalmomi kamar wadda bas zai bari. Na so shi ƙwarai. Ran Talata tun kafin ƙarfe goma sha biyu na jingina katina, don in riga Tokunaga-san buɗe baki.